Na Raka Umma Bompai

Tun ranar da 'yan ajinsu suka tsayar da rana a zaurensu na WhatsApp, Umma ba ta da wani zance sai na Bompai. An fitar da anko, an kai ɗinki, an karɓo, an mayar a rage hannu. Makarantarsu ce, St. Louis ta Kano, ta sistocin cocin Katolika, za ta yi taron tsofaffin ɗalibai haɗe da bikin tuna kafuwarta, kuma Umma ta ce ko da sanda ne sai ta je. Gwiwa ta matsa mata a 'yan shekarun nan, shi ya sa aka ce in raka ta, ƙanena ya tuƙa mu. Ni malamar makaranta ce, lissafi nake koya wa 'yan mata a wata sakandaren gwamnati, kuma na daɗe ina son in ga wurin nan da idona. Ina son in san me aka yi wa matan nan, da har yau, ga su da jikoki, in an ambaci sunan makarantarsu sai ka ga sun gyara zama.

Kafin mu kama hanyar Kano sai da muka yi kudu. Aminiyar Umma tun daga aji ɗaya, wadda muke kira Anti, a Barnawa take zaune, mu kuma muna Kawo. Duk wanda ya san Kaduna ya san yadda garin ya koma tun bayan rikicin 2000 da na 2002: Musulmi suka tattara suka yi arewacin kogi, Kirista suka yi kudu, har aka samu yaran da suka girma ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Umma kuwa ba ta taɓa daina tsallaka gadar nan ba. Suna, biki, rasuwa, Kirsimeti, duk tana can, haka ita ma Anti ba a yin Sallah ba ta zo ta ci tuwonmu ba.

Mun tarar da ita a ƙofar gida da jakarta, ta riga ta ɗaura ɗankwalin ankon tun ba a je ba. Mutuniyar Zonkwa ce, Bajju, aikin reluwe ne ya kai mahaifinta Kano. Bayan ta gama Bompai ta koma garinsu ta yi karatun ungozoma a makarantar da ke haɗe da asibitin St. Louis na Zonkwa, ta yi aikin nas har ta yi ritaya.

"Ƙawalliya, tun yanzu? Gobe ne fa taron," in ji Umma.

"Ke dai bari, Hajiya. Tun asuba na kasa zama. 'Yata, matsa mini in zauna kusa da uwarki."

Da muka bi ta Kakuri, Anti ta nuna mini ƙofar Kwalejin Sarauniya Amina. Ta ce wannan ma ta sistoci ce tun asali, wasu sistocin daban, 'yan ƙungiyar Our Lady of Apostles (OLA), su suka kafa ta a 1940 da sunan Queen of Apostles. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan a nan jihar, aka sauya musu suna. St. John's ta zama Kwalejin Rimi, Our Lady's ta zama Maimuna Gwarzo, St. Paul's ta Zariya ta zama Kufena. Makarantu ne da suka ci gaba da yaye manyan mutane, ba mai musun wannan. Amma ta Bompai ta wuce wancan zamanin da sunanta, kuma har yau sistocin St. Louis ne a cikinta. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin a wurin aikina na ga yadda sauyin hannu yake wahalar da makaranta: shugaba ta zo da tsarinta, kafin ya kama ƙasa an ɗauke ta, wata ta zo ta faro daga farko.

Hanya ta yi kyau yanzu, ba kamar shekarun da ake aikinta ba. Muka wuce Maraban Jos, Birnin Yero, Jaji, hazo ya rufe gonaki, an girbe dawa an bar kara a tsaye. A Zariya muka tsaya ƙanena ya sha mai, Anti ta sayi rake. Daga nan ne na tambayi Umma abin da ban taɓa tambayarta dalla-dalla ba: yaya aka yi Malam, kakana, mutumin da ba ya rabuwa da carbi, ya ɗauki 'yarsa ya kai wa sistoci?

Ta ce ba ƙaramar rigima aka yi ba. Malam ɗan kasuwa ne a Fagge, yana saye wa kamfani gyaɗa, kuma ya gaji da kai takardunsa wurin akawu ya karanta masa, bai san ko an rage ko an ƙara ba. Da ta ci jarrabawar shiga a 1971, 'yan'uwa suka yi masa caa. Goggonta ta zo har gida tana kuka, wai za a mayar da yarinya Kirista, wai za ta dawo ba ta ganin kowa da gashi, wai wa zai auri 'yar mishan. Malam bai ce komai ba. Ya shirya ya tafi Bompai da kansa, ya nemi ganin shugabar makarantar, wata Baturiyar Ailan, ya zauna da tafinta. Abu biyu ya tambaya: za a hana ta salla? Za a hana ta azumi? Aka ce masa a'a. Ya ce to ga amana nan, ranar da ya ji an taɓa ɗaya daga cikin biyun nan, ranar zai zo ya ɗauki abarsa. Ya dawo gida ya sa sharaɗi a nasa ɓangaren: duk hutu, washegarin dawowarta, allonta na jiranta.

"Ya taɓa zuwa ɗaukar ki?" na tambaya.

"Sau ɗaya ya zo ba ranar ziyara ba," in ji Umma, "shi ma ya kawo mini labarin an yi mini ƙane."

Anti ta karɓe zancen. Ta ce a watan azumi ita ce mai tashin Umma sahur, don Umma nauyin barci gare ta, ita kuma ba ta iya barci in an fara motsi da kwanuka. In lokacin azumin Kirista ya zo, na kwana 40 kafin Ista, Umma kan ɓoye nata naman ranar Juma'a, ba ta ci a gabanta. Ba wanda ya rubuta musu wannan a allo. Gado ne kusa da gado, bokiti ɗaya a layin famfo, garin kwaki da ƙuli-ƙuli a kwano ɗaya bayan an kashe fitila.

Daga Kwanar Dangora ƙasa ta fara sauya kama. Ga kore shar a tsakiyar rani, tumatir da albasa da shinkafa, ruwan madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako yana bin magudanai har Kadawa da Kura. Umma ta ce suna makaranta ake wannan aikin, har an taɓa kawo su a motar makaranta su ga yadda ake noman rani. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir sun cika bakin titi. Muka tsallake gadar Tamburawa, muka shiga Na'ibawa ana kiran la'asar, muka kutsa cikin 'yan adaidaita sahu har Fagge, gidan Kawu. A nan muka kwana gaba ɗaya. Matar Kawu ta gyara wa Anti gado a ɗakin Umma, don ta san ba mai raba su.

Da safe muka nufi Bompai. Unguwa ce ta masana'antu, kuma Umma tana ta nuna gine-gine tana faɗin abin da ake yi a cikinsu a da: nan alewa, nan takalma, nan masaƙa. Da yawa sun rufe, wasu sun koma sito. Hedikwatar 'yan sandan jiha ma a nan take. Sai ga mata cikin anko iri ɗaya suna ta fitowa daga motoci, wasu da hijabi har ƙasa a kan ankon, wasu da gwaggwaro, wasu da ƙaramin gicciye a wuya. Ban gama buɗe wa Umma ƙofa ba na ji an ƙwala mata kira da wani suna da ban taɓa ji ba, sunan da aka laƙaba mata a makaranta. Matar da na riƙo hannunta daga Kaduna saboda gwiwa, sai ga ta ta saki sandar a hannuna ta yi gaba.

Abin da na fara lura da shi a matsayina na malama shi ne tsabta, kuma ba irin tsabtar da ake yi don baƙi ba. Wadda ake yi don baƙi ana gane ta: fenti sabo a gaba, bayan aji kuwa bola. Na zagaya bayan azuzuwa da gangan. Ɗalibai ne suka tare mu, kowace da aikinta, wata ta karɓi jaka, wata ta nuna wurin zama, wata tana rubuta suna da shekarar gamawa. Yarinyar da aka haɗa mu da ita 'yar aji biyar ce, ta durƙusa ta gaida Umma da Hausa, ta juya ta gaida wata tsohuwa da Turanci, ba rawar murya. Na tambaye ta me take son zama, ta ce injiniyar ruwa, kuma ta faɗa mini dalili: unguwarsu kullum a hannun 'yan garuwa take.

An fara da addu'ar godiya a cocin makarantar. Anti da sauran Kirista suka shiga, mu kuma muka zauna a inuwar darbejiya, ana jiyo waƙarsu daga ciki. A nan na ji hirar da ta fi komai yi mini daɗi a tafiyar. Tsofaffi sun baje, kowa na faɗin tata. Ƙararrawar asuba cikin sanyin hunturu. Duba farce da gado kowace Asabar. Sistar da ke mayar maka da wasiƙa in ta ga kuskuren rubutu, sai ka gyara kafin a kai gidan waya. Wata ta tuna ranar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, a farkon 1973, malamar lissafi ta mayar da abin darasi na mako guda. Wata ta tuna 13 ga Fabrairun 1976, suna ajin ƙarshe, aka tara su aka gaya musu an kashe Janar Murtala, aka kawo shi Kano aka binne, makaranta ta yi tsit, Musulmi da Kirista kowa na kuka. A cikin masu wannan hira akwai likita, akwai tsohuwar alƙaliya, akwai wadda ta yi babbar sakatariya a ma'aikata, akwai malaman makaranta da yawa, akwai kuma wadda aka yi wa aure tana gamawa ba ta ƙara ko kwana ɗaya a aji ba, amma ta ce 'ya'yanta mata bakwai babu wadda ba ta yi jami'a ba. Da ita aka fi tafawa.

A ɗakin taro ɗalibai suka yi wasan kwaikwayo na tarihin masu makarantar, kuma a nan na haɗa zaren labarin da nake ji gutsi-gutsi tun ina yarinya. Ƙungiyar sistocin St. Louis a Faransa aka kafa ta, a 1842, a wani gari da ake kira Juilly kusa da Faris, a hannun wani fada masanin falsafa mai suna Louis Bautain. Sunan kuwa na Sarkin Faransa Louis na 9 ne, wanda ya yi mulki a ƙarni na 13. A 1859 sistoci uku suka ƙetara zuwa garin Monaghan na ƙasar Ailan, ƙasar da ba ta daɗe da fita daga wata muguwar yunwa ba, suka buɗe makaranta. Daga Ailan ɗin ne reshe ya miƙo Afirka ta Yamma: Gana a 1947, Kano a 1948. Wato a 2023 suka cika shekara 75 a Najeriya, kuma Kano ce mafarinsu, kafin Ondo da Akure da Ibadan da Jos da Zonkwa. A Kumasi ma akwai babbar sakandaren 'yan mata mai wannan suna tun 1952.

Yaran sun yi abin da kyau. Wasu suka sa fararen kaya suka fito da akwatunan ƙarfe suna share gumi, ɗakin ya ɗauki dariya. Amma ni tunanina ya tafi ga Kanon da suka tarar. Sarki Abdullahi Bayero ne a kan gado. Turawan mulki ba sa barin 'yan mishan su yi aiki a cikin birni, sai a wajen ganuwa, wajajen Sabon Gari, inda ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni da 'yan kasuwa daga kudu suke zaune. 'Ya'yan waɗannan ne suka fara cika azuzuwan mishan. Kafin Bakano ya yarda ya miƙa 'yarsa, sai da ya zuba ido ya ga yadda ake yi da 'ya'yan wasu. Mutum ɗaya ya gwada, 'yarsa ta dawo da sallarta da kunyarta, ga kuma ilimi, sai maƙwabcinsa ya bi. Haka abin ya yaɗu, gida-gida, ba da shela ba.

Akwai wata magana da wata mai jawabi ta yi wadda ban yarda da ita ba, kuma na faɗa wa Anti a kunne. Ta ce kafin zuwan sistoci mace a arewa ba ta san karatu ba. Wannan ba haka ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu a 1864, ta bar waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta bar tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa taka aji ba, amma tana karanta ajami, tana biya wa yara allo. Abin da sistoci suka kawo wani abu ne daban, kuma babba ne: ilimin da zai kai yarinya ɗakin tiyata, ya kai ta kotu, ya sa ta zauna a ofis ta sa hannu. Ba sai an rage wa na farko daraja ba kafin a yaba wa na biyu. Anti ta gyaɗa kai ta ce, "Gaskiyarki, Malama. Uwarki ma da allonta ta zo."

Shugabar makarantar ta yanzu 'yar Najeriya ce, haka sauran sistocin da na gani. Wannan shi ne girman da ya fi burge ni, fiye da gine-gine. A zamanin su Umma fararen fata ne ke riƙe da ofis da yawancin azuzuwa. Yau 'yan ƙasa ne suka gaji aikin, har ma su ake aikawa waje, zuwa Jamhuriyar Benin da Habasha. Taken ƙungiyar, wanda aka ɗauko daga addu'ar Yesu a Linjilar Yohanna sura 17, shi ne "domin su zama ɗaya", kuma yana rubuce a jikin tutar da aka rataya a bayan teburin manyan baƙi.

Sai aka zo wurin tuna waɗanda suka rasu. Aka karanto sunaye aji-aji, malamai da sistoci da ɗalibai, aka ce kowa ya yi addu'a yadda addininsa ya koya masa. Na ga tafukan hannu a buɗe, na ga masu yin alamar gicciye, a benci ɗaya. Umma ta ji sunan wata da ba ta san ta rasu ba, ta kama hannun Anti ta riƙe.

Bayan an tashi cin abinci na samu wata matashiya, likitar yara ce yanzu, wadda tana makarantar a ranar 20 ga Janairun 2012. Ranar Juma'a ce da yamma, ranar da 'yan Boko Haram suka kai hare-hare wurare da dama a Kano, har da hedikwatar 'yan sanda ta nan Bompai, aka rasa rayuka sama da 180. Ta ce ƙarar farko sun ɗauka taransifoma ce. Da ta biyu ta zo tagogi suka girgiza, aka tattara su wuri ɗaya aka ce kowa ya kwanta a ƙasa. Har dare ana jin harbi. Ta ce abin da ba za ta manta ba shi ne wata sista da ta zauna a bakin ƙofa har gari ya waye, da kuma yadda wata siniya Musulma ta rungume ƙananan yara biyu Kirista tana karanta musu duk addu'ar da ta zo bakinta, su ma suna yin tasu. An sa dokar hana fita, iyaye ba su samu isowa ba sai daga baya. Na tambaye ta ko an cire yara da yawa bayan nan. Ta ce wasu iyayen da suka bar Kano gaba ɗaya sun tafi da nasu, ba kuma mai ganin laifinsu. Ita dai babanta ya mayar da ita da aka koma, ya ce inda aka tsare masa ita a wannan daren, nan ne wurin zamanta.

Na tuna Malam da tambayoyinsa biyu. Shekara 41 tsakani, uba daban, tsoro daban, amma ciniki ɗaya ne aka ƙulla.

Da rana aka zagaya da mu. Ga tsofaffin azuzuwa masu kaurin bango da dogayen baranda, irin ginin da ke riƙe sanyi ko a watan Afrilu, ga kuma sababbi a gefensu. Umma ta nemo ajinta na farko, ta nuna mini inda bencinta yake, kusa da taga. Na daɗe a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ina duba ko kayan na aiki ne ko na ado. Kwalaben an taɓa su, littafin rajista ya cika da sa hannun ɗalibai. Haka ɗakin kwamfuta, wanda yanzu ya zama dole, tunda jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma na sha ganin yarinya mai ƙoƙari ta faɗi don kawai ranar jarrabawa ce ranar da ta fara taɓa madannai. Na samu malamin lissafinsu muka yi hira irin ta abokan sana'a. Na tambaye shi sirrinsu. Ya ce ba wani sirri: ana shiga aji a kan lokaci, ana ba da aikin gida, ana duba shi, kuma akwai mai duba ko an duba. Na yi shiru, don na san wannan abu mai sauƙin faɗa shi ne mafi wuyar riƙewa shekara da shekaru.

Jikin wasu ɗakuna akwai ƙananan alluna: 'yan aji kaza ne suka gyara wannan, 'yan aji kaza ne suka haƙa rijiyar burtsatsen nan. Kowane rukuni na so a ga hannunsa. Wannan gasa ce mai kyau, kuma ita ce ke nuna makaranta ta yi jijiya, domin ba mai mayar da kuɗinsa inda aka wulaƙanta shi.

Da aka kira azahar muka shimfiɗa tabarmi muka yi salla, wata ɗaliba ta kawo mana butoci ba tare da an aike ta ba. Daga nan 'yan ajin su Umma suka keɓe don taronsu, ni ma na raɓa a gefe. A nan ne maganar da ke cina tun safe ta fito daga bakin wata. A bakin ƙofar shiga, lokacin da muke fitowa daga mota, akwai 'yan mata uku da farantan gyaɗa da dafaffen ƙwai a ka, sa'o'in waɗanda ke ciki da yunifom. Riƙe makarantar kwana kuɗi ne, abinci da wuta da albashin malamai, kuma ba kowane uba ne zai iya ba. Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a arewa, kuma 'yan mata ne abin ya fi shafa. Matar ta ce, "Mu da aka yi wa gata, fenti kawai za mu riƙa yi wa bango?" Aka yi ta muhawara. Wata ta ce a ɗauki yara daga ƙauye, wata ta ce a fara da 'ya'yan ma'aikatan makarantar, masu dafa abinci da masu gadi, wata ta ce kada a ɗauki abin da ba za a iya kai wa ƙarshe ba, don cire yarinya a aji uku ya fi rashin sa ta ciwo. A kan wannan ta ƙarshen aka tsaya: yara biyu, Musulma da Kirista, daga aji ɗaya har su gama, kuɗin shekara shida a ajiye kafin a kira iyayensu. Aka naɗa tsohuwar alƙaliyar ta riƙe asusu. Umma ta yi alkawarin nata kason daga kuɗin fansho, kuma na san abin da wannan ke nufi a gidanmu.

An rufe da rawa. Ɗalibai suka yi ta Fulani, ta Tibi, ta Ibo, ta Yarbawa, sannan aka saki kalangu tsofaffi suka shiga fili. Anti ta ja Umma, ni kuma ina riƙe da sanda da jakunkuna biyu. Da daddare sai da na dafa ruwan zafi na gasa mata gwiwar, tana cewa ba komai, gobe ma in za a sake za ta shiga.

Ranar Lahadi da sassafe muka kai Anti babban cocin Our Lady of Fatima. Kano ta zama cikakkiyar dayosis ta Katolika a 1999, kuma jama'ar da na ga suna shiga ba 'yan kudu kaɗai ba ne, akwai Hausawa Kirista daga ƙauyukan Kano, da zannuwansu da gaisuwarsu irin tamu. Mu kuma muka tafi neman waina, muka dawo muka jira ta a mota, kamar yadda ta saba jiran Umma a ƙofar masallaci in tafiya ta haɗa su ranar Juma'a.

Mun wuce Kura Umma ta juyo ta dube ni. 'Yata ta fari tana aji biyar na firamare.

"Kin karɓo bayanin jarrabawar shiga?"

"Na karɓo, Umma. Yana cikin jaka."

"Babanta fa?"

Na ce ban gaya masa ba tukuna. Na san abin da zai ce, domin ya taɓa faɗa: nisa, kuɗi, kuma me mutane za su ce. Ba mutum ne mai taurin kai ba, amma dangi gare shi masu magana, irin goggon Umma.

"Kada ki yi masa gardama," in ji Umma. "Ki ce ya shirya ya je da kansa, ya zauna da Sista, ya tambayi duk abin da ke ransa. In ya dawo ya ce a'a, shi ke nan, 'yarsa ce."

Anti ta ce in ya sa rana a gaya mata, za ta kira wata 'yar ajinsu da ke zaune a Nassarawa ta raka shi har ofis. Ƙanena ya ce shi zai kawo shi. Na ciro takardar daga jaka na sake duba ranar rufe sayar da fom, na rubuta ta a wayata.